Tsalle da longjmp ko dawo da NULL? Yadda tafintan harshen kwamfuta ke riƙe kuskure

Tambayar da wani ɗalibi ya aiko mini ita ce: "Ina rubuta ƙaramin tafinta na harshen kwamfuta da C, aikin kammala digirina ne. Na iso wajen laburaren da shiri ke kira yayin da yake gudana, wato fankishin-fankishin na buɗe fayil da haɗa rubutu da lissafi. A yanzu duk wanda ya gamu da matsala sai ya buga saƙo ya kira exit, komai ya mutu. Wani ya ce in koma setjmp da longjmp, wani kuma ya ce kowane fankishin ya riƙa dawo da alamar kuskure. Wanne ya fi?"

Ƙanena, duka shawarwarin biyu na gaskiya ne, kuma kowacce tana da babban harshe da ya rayu a kanta shekaru sama da talatin. Lua, wanda Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes suka ƙirƙiro a jami'ar PUC-Rio ta Brazil a 1993, da longjmp yake aiki: setjmp ya yi wa wani wuri a cikin shirin alama, idan kuskure ya faru sai longjmp ya yi tsalle ya koma can kai tsaye. Ruby ma haka. Python kuwa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, babban tafintansa CPython har gobe da dawo da NULL yake aiki, wato fankishin da ya gaza ya mayar wa wanda ya kira shi alamar cewa babu sakamako. Saboda haka ba za ka ɓata ba duk wadda ka bi. Abin da zai raba maka gardama tambaya ce ɗaya: a daidai lokacin da kuskure ya faɗo, kayan da fankishin ya riga ya karɓa, memori ne ko buɗaɗɗen fayil ko makulli, a hannun wa suke, kuma wa zai mayar da su? Ka riƙe wannan, don duk bayanin da zai biyo baya a kansa yake.

Amma fara cire exit ɗin nan tukuna. Tafinta sau da yawa baƙo ne a cikin wani babban shiri: wasan kwamfuta, sabar yanar gizo, manhajar wata na'ura. Baƙo ba ya rushe gidan da aka sauke shi don ya yi tuntuɓe a zaure. Ko da naka tafintan shi kaɗai yake gudana, ranar da ka so ka ba mai amfani damar rubuta layi ɗaya ya ga sakamako nan take, za ka tarar kuskuren rubutu guda ya rufe masa komai.

Sannan ka san cewa abubuwan da kake kira kuskure ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai laifin mai rubuta shiri, kamar ya miƙa rubutu inda ake jiran lamba. Akwai halin da duniya ta samu kanta, kamar fayil ɗin babu shi ko faifai ya cika, wanda ba laifin kowa ba ne. Akwai kuma karyewar tafintan kansa, inda ka tarar da abin da bai kamata ya taɓa yiwuwa ba, misali wani abu da alamar nau'insa ba ta cikin nau'o'in da ka ƙirƙira. Lua ya raba na farko da na biyu a fili: idan ka ba `io.open`, fankishinsa na buɗe fayil, tebur a gurbin sunan fayil, jefa kuskure yake yi, amma idan fayil ɗin ne babu, sai ya dawo da abubuwa uku, `nil` da saƙo da lambar kuskuren da tsarin aiki ya bayar. Python yana jefa duka biyun, sai ya bambanta su da suna, `TypeError` da `FileNotFoundError`. Na ukun kuwa kada ka bari shirin mai amfani ya kama shi. Idan cikin tafinta ya lalace, ci gaba da aiki ɓata bayanan mutane ne kawai. Nan ne kaɗai `abort`, mai kashe shiri nan take, yake da hurumi, kuma shi ya sa CPython ke da `Py_FatalError`.

To, bari mu buɗe cikin Lua, don a nan darasin ya fi yawa, kuma kod ɗinsa ƙarami ne, za ka iya karanta fayil ɗin `ldo.c` a zama ɗaya.

Duk lokacin da aka kira `pcall`, fankishin da ke gudanar da wani kod ya kama kuskurensa, Lua yana kafa wani ɗan tsari a kan tarin kira na C, wato inda ake jera bayanan fankishin da aka kira ba su gama ba tukuna. Abubuwa uku ne a cikinsa: wurin da `setjmp` zai ajiye matsayin na'ura, lambar da ke nuna irin kuskuren, da manuni, wato adireshin memori, zuwa tsarin da ya gabace shi. Wato sarƙa ce, kowane `pcall` yana riƙe da na bayansa. Idan wani fankishin can ƙasa ya kira `lua_error` ko `luaL_error`, sai a ɗora ƙimar kuskuren a saman tarin Lua, a duba wanda ke kan gaba a sarƙar, a rubuta masa lambar, a yi `longjmp` zuwa gare shi. Duk fankishin na C da ke tsakani an tsallake su ke nan, ba wanda zai ga layinsa na gaba. Idan kuwa sarƙar babu kowa a kanta, sai a kira fankishin da aka yi wa rajista da `lua_atpanic`, in ya dawo a kira `abort`.

Daɗin wannan hanya ba ya misaltuwa ga mai rubuta laburare. Ka rubuta `luaL_checkinteger` a layi ɗaya, ka ci gaba da harkarka kana da yaƙinin cewa lamba ce a hannunka. Ba ka duba komai, ba ka miƙa komai sama. Shi ya sa laburaren Lua yake da gajarta da sauƙin karantawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsallaken nan. Dubi wannan:

```
static int karanta(lua_State *L) {
    const char *suna = luaL_checkstring(L, 1);
    FILE *f = fopen(suna, "r");
    lua_Integer adadi = luaL_checkinteger(L, 2);
    /* ... karatu ... */
    fclose(f);
    return 1;
}
```

Ido ba ya ganin aibu a nan da sauri. Amma idan mai kira ya manta da lamba ta biyu, `luaL_checkinteger` zai yi tsalle, `fclose` ba zai taɓa gudana ba, kuma manunin `f` ya tafi tare da tarin da aka watsar. Fayil ɗin yana nan a buɗe, babu mai sauran hanyar isa gare shi.

Na taɓa shan wahalar irin wannan da hannuna. A wani wurin aiki mun saka Lua cikin shirin da ke karɓar bayanai daga na'urori yana rubuta su a faifai, kuma shirin ba a kashe shi, dare da rana yake. Bayan kwanaki sai ya daina buɗe kowane irin fayil, har da na rubuta rahoton matsalarsa. A sake kunna shi, ya dawo garau, bayan wasu kwanakin ya sake tsayawa. Sai da na shiga `/proc`, inda Linux ke nuna bayanan shirye-shiryen da ke gudana, na leƙa jerin fayilolin da shirin ke riƙe da su, na ga sunan fayil ɗaya ya jeru ɗaruruwa, layi bayan layi, har ya cike iyakar 1024 da Linux ya saba ba kowane shiri. Wata na'ura ce ke aiko da bayani maras kyau jefi-jefi. Kowane zuwansa sai fankishinmu ya jefa kuskure, `pcall` ya kama, a rubuta gargaɗi, a wuce, fayil guda ya maƙale. Kama kuskuren da muke yi da kyau shi ne ya rufe mana ido, domin da shirin faɗuwa yake yi, da tun ranar farko mun gani. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda bayanan da suka salwanta a sa'o'in da shirin ya tsaya na mutane ne da suka dogara da mu.

Gyaran farko mai sauƙi ne: ka gama duk binciken abin da aka miƙo maka kafin ka karɓi komai. Amma wannan bai wadatar ba, domin a Lua kusan duk abin da ke neman memori yana iya tsalle. `lua_pushstring` ma, da ka ɗauka ba ya cutar da kowa, idan memori ya ƙare tsalle zai yi. Shi ya sa littafin jagoran Lua ya yi wa kowane fankishin na C alama a gefensa: wannan ba ya taɓa jefawa, wannan sai in memori ya ƙare, wannan yana jefawa da gangan, wannan kuma yana iya gudanar da kod ɗin mai amfani don haka komai na iya faruwa. Ka yi wa naka laburaren irin wannan alamar tun yanzu da yake ƙarami.

Gyaran gaskiya yana cikin `liolib.c`, kuma ina so ka je ka gan shi da idonka. Kafin Lua ya kira `fopen`, sai ya fara ƙirƙirar akwatin da zai riƙe fayil ɗin, akwatin da mai kwashe shara, wato ɓangaren tafinta da ke tattara memorin da aka daina amfani da shi, ya san da zamansa. Ya yi masa alamar cewa a rufe yake, ya liƙa masa fankishin da za a kira ranar da za a kwashe shi, sannan ne ya buɗe fayil ya saka a ciki. Lura da jerin. Idan ƙirƙirar akwatin ta gaza, ba a buɗe komai ba tukuna, babu asara. Idan an buɗe, to tun daga wannan daƙiƙar fayil ɗin yana da mai shi. Duk tsallen da zai biyo baya, mai kwashe shara zai zo ya rufe. Haka `luaL_Buffer` yake yi idan rubutun da ake haɗawa ya yi girma: ba ya riƙe memorin a manunin C tsirara, a akwati yake saka shi a kan tarin Lua. Lua 5.4, da ya fito a 2020, ya ƙara mazubi, wato variable, mai alamar `<close>`, wanda ake rufe abin da ke cikinsa nan take da an fita daga yankinsa, ko ta hanyar kuskure ne, ba sai an jira mai shara ya zagayo ba.

Akwai ƙananan tarkuna biyu na `longjmp` da zan ambata in wuce. Ƙa'idar C ta ce mazubin cikin fankishin da ya kira `setjmp`, idan an canza shi bayan kiran, ƙimarsa ba ta da tabbas bayan tsalle sai in an yi masa alamar `volatile`. Za ka ga shirin yana aiki lafiya har ranar da ka kunna `-O2`, zaɓin da ke sa mai harhaɗawa, wato compiler, ya gyara kod don ya yi sauri. Na biyu, idan akwai kod ɗin C++ a tsakani, tsallen zai wuce masu rusa abubuwansa, wato destructors, ba tare da an kira su ba, kuma ƙa'idar C++ ba ta lamunce maka komai a wannan hali ba. Saboda haka ne idan aka harhaɗa Lua a matsayin C++ yake ajiye `longjmp` ya koma `throw`.

Yanzu CPython. A nan babu tsalle ko ɗaya. Kowane zare, wato thread, yana da wurin da ake ajiye kuskuren da ke kan hanya. Fankishin da ya gamu da matsala sai ya cika wurin da `PyErr_SetString` ko ɗan'uwansa, ya dawo da NULL idan manuni yake dawowa da shi, ko -1 idan lamba ce. Wanda ya kira shi ya ga NULL, ya saki abin da ke hannunsa, shi ma ya dawo da NULL ba tare da ya taɓa saƙon ba. Haka za a yi ta miƙawa hannu da hannu, kamar bokitin ruwa a layin masu kashe gobara, har a iso madaukin da ke gudanar da umarnin Python, shi kuma ya nemo `except` mafi kusa. Tun daga Python 3.11 na 2022, neman nan a tebur ake yin sa, wanda aka shirya tun lokacin harhaɗawa, don haka shiga `try` ba ya cin komai in ba a sami kuskure ba. Amma a ɓangaren C, dawo da NULL ɗin nan bai canza ba.

Dalilin da ya sa wannan hanya ta dace da CPython shi ne yadda yake kula da memori. Ƙidaya yake yi: kowane abu yana ɗauke da adadin masu riƙe da shi, kuma kowane fankishin na C da ya karɓa dole ya rage da hannunsa in ya gama. Da zai yi tsalle, duk ƙidayar da ke hannun waɗanda aka tsallake ta lalace. Ka ga ashe salon riƙe kuskure ɗa ne ga salon riƙe memori. Wanda bai yanke shawara kan na biyun ba, bai isa yanke na farkon ba.

Farashinta kuwa shi ne kowane kira sai an duba shi, ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya. Za ka ga fankishin na CPython cike da `goto error`, a ƙasa kuma wuri guda da ake sakin komai. Kada wani ya hana ka `goto` a irin wannan wuri, shi ne mafi tsafta a C. Ka fara da sa duk manunai su zama NULL a sama, ka yi wurin saki guda ɗaya wanda bai damu da NULL ba.

Matsalolin wannan hanya na shiru ne. `PyLong_AsLong` yana dawo da -1 idan ya gaza, alhali -1 lamba ce ta halal, don haka sai ka ƙara tambayar `PyErr_Occurred` kafin ka san wanne ne. `PyIter_Next` yana dawo da NULL idan jerin ya ƙare lafiya, yana kuma dawo da NULL idan ya karye a tsakiya. Wanda bai bambance ba zai ɗauki rabin bayani a matsayin cikakke. Tsohon `PyDict_GetItem` kuwa haɗiye duk kuskuren da ya faru a cikinsa yake yi ya ce maka kawai babu, har sai da aka fito da wasu a madadinsa, na baya-bayan nan `PyDict_GetItemRef` a 3.13, wanda ke dawo da 1 ko 0 ko -1, ya miƙa sakamakon ta wata ƙofa daban. Darasin da ke nan kyauta ne gare ka, tunda wasu sun riga sun biya kuɗinsa: kada "babu" da "ya gaza" su taɓa fitowa da fuska ɗaya.

Wani abu da nake so ka kwaikwaya ko da wace hanya ka bi: bayan CPython ya kira fankishin na C, yana duba ko maganarsa ta yi daidai da aikinsa. In ya dawo da NULL bai ajiye kuskure ba, ko ya dawo da sakamako alhali akwai kuskure a ajiye, sai a tayar da `SystemError` da sunan fankishin ɗin. Layi biyar ne ko shida a wurin da kake kiran laburare, amma zai kama maka ɓarnar da in ba haka ba sai ta fito a wani wuri mai nisa da ba ruwansa.

Sai mu zo wurin da ake gane tafintan da aka yi da kula, wato lokacin da hanyar kai rahoton kuskure ita kanta take bukatar abin da ya ƙare.

Memori ya ƙare, kana so ka faɗa. Saƙon rubutu ne, rubutu kuma memori yake ci. Lua ya warware wannan tun daga farko: lokacin da ake kafa tafinta yake ƙirƙirar rubutun "not enough memory", ya yi masa alamar da mai kwashe shara ba zai taɓa shi ba, ya ajiye. Ranar da aka bukace shi, ɗauko shi kawai ake yi. Kafin ma a kai nan, idan neman memori ya gaza, Lua yana yin shara ta gaggawa ya sake gwadawa sau ɗaya, kuma a wannan sharar ba ya kiran fankishin rufewa na mai amfani, don kada su ma su nemi memori. Ba ya kuma kiran mai tsara saƙon da aka ba `xpcall`, ɗan'uwan `pcall`, a kan wannan kuskuren. CPython shi ma yana tanadar `MemoryError` guda 16 tun da wuri. Wani zai ce maka a Linux `malloc`, fankishin neman memori na C, ba ya cika dawo da NULL, tsarin aiki ne ke kashe shirin in abin ya yi tsanani. Haka ne a mafi yawan lokuta, amma ranar da ka so ka ce shirin mai amfani kada ya wuce megabait 50, ko ka kai tafintan kan ƙaramar na'ura, za ka bukaci wannan hanya ta kasance lafiyayya.

Cikar tari ma haka take. Fankishin ya yi ta kiran kansa ba iyaka. Idan ka bari tarin C ya cika da gaske, tsarin aiki ne zai kashe ka, ba kuskuren da za a kama. Dole ka yi ƙidaya ka tsaya tun da sauran wuri. Python ya sa iyakar 1000 a matsayin ta asali, ya jefa `RecursionError`. Lua yana da iyaka biyu: gurbi miliyan ɗaya a tarinsa, da kira 200 masu shiga cikin juna a ɓangaren C. Abin lura shi ne rarar da ya bari. Idan tarinsa ya cika, sai ya ƙara gurbi 200 a kan iyakar, domin mai tsara saƙo ya sami inda zai tsaya ya yi aikinsa. In shi ma ya cinye rarar, sai a daina lallashi a dawo da lamba ta musamman, `LUA_ERRERR`, wato kuskure a cikin riƙon kuskure. Kuma kada ka ɗauka kiran fankishin ne kaɗai ke cika tari. Mai karanta kod ɗinka zai cika shi idan aka ba shi alamar baka `(` dubu goma a cikin juna. Mai buga jeri zai cika shi idan jerin yana ɗauke da kansa. Duk inda C ɗinka ke kiran kansa bisa abin da mai amfani ya kawo, ƙidayar nan ta shiga wurin.

Sai kuskuren da ba shi da wanda za a kai wa. Mai kwashe shara ya kira fankishin rufewa, shi kuma ya jefa. Wa zai kama? Layin da ke gudana a lokacin ba ruwansa, tsautsayi ne kawai ya sa sharar ta faɗo a kansa. Python yana buga "Exception ignored in" ya wuce, kuma tun 3.8 ya ba da `sys.unraisablehook` ga mai son ya karɓa da kansa. Lua 5.4 yana mayar da shi gargaɗi. Wannan yana da nauyi fiye da yadda ake zato, saboda `fclose` yana iya gazawa: bayanan da ka rubuta suna jira a memori, sai wajen rufewa ake tura ragowar, a nan ne za a gane faifai ya cika. Idan mai shara ne ya rufe, ba wanda zai ji labari. Don haka akwatin mai shara kariya ce ta ƙarshe, amma dole harshenka ya ba mutum hanyar rufe fayil da kansa ya ga sakamakon.

Ctrl-C ma yana cikin wannan babi. Kada ka yi tsalle ko ka jefa komai daga cikin mai karɓar sigina, domin tana iya sauka a tsakiyar `malloc`. CPython tuta kawai yake ɗagawa, madaukin umarni ya gan ta a wuri mai aminci ya jefa `KeyboardInterrupt`, fankishin C mai dogon aiki kuma ya riƙa leƙawa da `PyErr_CheckSignals`. Shirin `lua` na layin umarni yana kafa ƙugiya ne, wato fankishin da tafinta zai kira ana cikin gudu, wadda za ta jefa kuskuren a umarni na gaba. Sannan `errno`, inda C ke ajiye lambar kuskuren ƙarshe: ka kwafe shi a layin farko bayan kiran da ya gaza. `luaL_fileresult` da haka yake farawa, don duk wani kira da ya biyo baya yana iya canza shi, ka wayi gari kana ba mutum dalilin da ba shi ne ba.

Game da saƙon kansa, abu biyu. Wanda zai karanta shi mai rubuta shiri ne a harshenka, bai san fayilolinka na C ba, don haka layin da za ka nuna masa nasa ne. `luaL_error` yana liƙa sunan fayil da lambar layin kod ɗin Lua da ya yi kiran, saƙon kuma ya faɗi abu na nawa ne a cikin waɗanda aka miƙa, wane fankishin, me ake jira, me aka samu. Na biyu, jerin kiran da ya kawo ga kuskuren sai an tattara shi kafin a warware tari. Bayan tsalle babu shi. Wannan ne amfanin `xpcall`: mai tsara saƙonsa yana gudana a daidai inda abin ya faru, tarin yana nan tsaye, shi ya sa ake ba shi `debug.traceback`. Python kuwa yana ƙara layi ɗaya a jerin duk matakin da kuskuren ya haura. Kuma idan wani kuskure ya faru ana tsakiyar gyaran na farko, kada sabon ya shafe tsohon, don tsohon ne ke ɗauke da asalin dalili. Python 3 yana ɗaura su da `__context__`, ya buga duka biyun.

To wanne za ka ɗauka? Ga ra'ayina. Idan tafintanka yana da mai kwashe shara mai bin sawu, kuma za ka iya ɗaukar alkawarin cewa babu `malloc` ko `fopen` da zai zauna a manunin C tsirara yayin da kake kiran abin da ke iya jefawa, bi hanyar Lua. Laburarenka zai yi gajarta, kuma ga aikin da mutum ɗaya ke yi cikin 'yan watanni wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ƙidaya kake yi, ko ba ka riga ka rubuta mai shara ba, ko kana tunanin wata rana za a kira tafintan daga C++ ko Rust, dawo da alama. A wannan hali ka sa wa fankishin-fankishin ɗinka `warn_unused_result` na GCC da Clang, domin mai harhaɗawa ya yi maka ihu duk inda ka manta dubawa. Abin da ba na so ka yi shi ne gauraya su ba tare da iyaka a fili ba, rabin laburare yana tsalle rabi yana dawo da NULL. In dole ne, to a san ƙofar da ake juya ɗaya zuwa ɗaya, yadda `rb_protect` yake a Ruby da `lua_pcall` a Lua.

Ko wacce ka ɗauka, hanyoyin kuskure su ne waɗanda ba a bi kullum, don haka sai ka bi su da gangan. Ka tattara duk neman memori ya bi ta fankishin ɗaya naka. Ka sa masa ƙidaya, yadda za ka iya cewa nema na farko ya gaza, ka gudanar da gwaji, sannan na biyu ya gaza, ka sake, haka har ka kai adadin da gwajin zai ƙare ba a taɓa gazawar ba. Masu SQLite da wannan dabarar suke gwada nasu. A kowane zagaye abu uku kake dubawa: tafinta bai faɗi ba, kuskuren da ya fito na ƙarewar memori ne, kuma bayan an rufe tafinta babu ko bait ɗaya da ya rage. Ka gudanar da shi ƙarƙashin Valgrind, manhajar gano ɓarnar memori, ko ka harhaɗa da `-fsanitize=address`, ka ƙara ƙidayar buɗaɗɗun fayiloli kafin gwaji da bayansa. Ka fara da fankishin buɗe fayil ɗin da ka riga ka rubuta, in ka ga abin da ya fito ka aiko mini da shi mu duba tare.